Zafin Bazara Da Ƙananan Yara: Darasin Da Shekarar 2024 Ta Bar Mana

Zafin bazara ba baƙo ba ne a ƙasar Dakoro. Kowace shekara, daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, rana takan buɗe, ƙasa ta ɗauki zafi, ruwan rijiyoyi ya ja baya, mutane da dabbobi su shiga neman inuwa. Saboda wannan sabo, da yawa daga cikinmu ba sa lissafa zafi cikin abubuwan da ke kisa. Mukan ji tsoron sanƙarau da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro, amma idan aka zo kan zafi sai mu ce ai lokacinsa ne, zai wuce. Abin da ya faru a ƙasashen Sahel cikin shekarar 2024 ya nuna cewa wannan tunani yana bukatar gyara. Wannan bayani zai duba abin da ya faru, da dalilin da ya sa ƙananan yara suka fi kowa shiga hatsari, da kuma abin da iyaye da hukumomi za su iya yi tun kafin bazara ta gaba.

Abin Da Ya Faru A Shekarar 2024

Zafin wannan shekara ya zo wa Afirka ta Yamma sau biyu. Na farko ya faɗo a tsakiyar watan Fabrairu, a ƙasashen bakin teku irin su kudancin Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa. Wannan zafi ne mai haɗe da laima. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution, waɗanda ke binciken alaƙar irin waɗannan masifu da canjin yanayi, sun lissafa cewa idan aka haɗa zafin da laimar, abin da jiki ke ji ya kai kimanin digiri 50. Sun kuma ce ɗumamar duniya ta ƙara wa wannan zafi kusan digiri 4.

Na biyu shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye. A ƙarshen watan Maris da farkon Afrilu, ana cikin azumin watan Ramadan, zafi mai tsanani ya rufe Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Najeriya da Cadi. Ran 3 ga Afrilu an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da sanarwar mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, alhali a Afrilun 2023 mutum 130 ne suka rasu a asibitin cikin watan gaba ɗaya. Wutar lantarki tana ta ɗaukewa a birnin, har ta kai ƙullin ƙanƙara ya fi burodi tsada a wasu unguwanni. Masanan da muka ambata sun gano cewa a Mali da Burkina Faso canjin yanayi ya ƙara wa zafin rana digiri 1.5, ya ƙara wa zafin dare digiri 2.

Bayan wata biyu, a lokacin aikin Hajji na watan Yuni, zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya suka ce alhazai 1,301 sun rasu. Ran 25 ga Yuli, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya yi kira ga ƙasashe da su ɗauki tsananin zafi a matsayin bala'in da ake yi wa shiri. Da shekarar ta ƙare, Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar cewa tun da aka fara ajiye lissafi ba a taɓa ganin shekara mai zafinta ba.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane uba da kowace uwa a Nijar su sani. A watan Agustan 2024, asusun UNICEF ya ƙirga kwanakin da zafi ke wuce digiri 35 a kowace ƙasa. A Mali ya samu kwana 212 a shekara, a Nijar kwana 202, a Senegal 198, a Sudan 195. Wato yaron da aka haifa a ƙasarmu yana yin fiye da rabin shekara cikin zafin da masana ke kira mai tsanani. Idan muka tuna cewa kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 3 a jihar Maraɗi kaɗai, za mu gane yawan yaran da wannan magana ta shafa.

Zafi Iri Biyu Ne

Jikin ɗan Adam yana son ya tsaya a kan digiri 37. Idan zafi ya yi masa yawa, sai ya fitar da zufa. Zufar ba ta sanyaya jiki don ta fito kawai. Sai ta bushe a kan fata, domin bushewar ce ke tafiya da zafi. Mun san wannan a randa. Ruwa yana tsatsa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan hikima ce wani malamin makaranta na arewacin Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

A watan Maris da Afrilu iskar ƙasarmu busasshiya ce. Zufa tana bushewa nan da nan, wani lokaci ma ba a ganinta. Hatsarin wannan lokaci shi ne ruwan jiki yana ƙarewa ba tare da mutum ya ankara ba. Daga watan Mayu kuwa, iskar bazara takan taso daga kudu maso yamma, ɗauke da laimar teku. Hadari ya haɗu, a yi tsammanin ruwa, iska ta watsa shi. A nan Dakoro, da yake muna arewacin jiha, kusa da kwarin Tarka inda noma ke iyaka da ƙasar kiwo, ruwa yakan makara har Yuni, wata shekara ma Yuli. Cikin wannan jira, zafi bai sauka ba, ga kuma laima ta shigo. Zufa tana zuba amma ba ta bushewa, riga tana manne wa jiki, dare ba ya sanyi.

Masana yanayi suna da ma'aunin da ke haɗa zafi da laima. Idan zafi ya kai digiri 40, laimar iska kuma ta kai kashi 40 cikin ɗari, jiki yana jin kamar digiri 48 ne. Wanda ba shi da ma'auni yana da randa. Ranar da ka ga jikin randa ya jiƙe sharkaf amma ruwan ciki bai yi sanyin da aka saba ba, to haka jikin ɗanka yake fama a ranar: yana fitar da ruwa, sanyi bai samu ba.

Dalilin Da Ya Sa Gari Ya Fi Ƙauye Zafi

Mutane suna ƙaruwa a Maraɗi da Tasawa da Dakoro, gini kuma yana canzawa. Kakanninmu sun yi gini da laka mai kauri da rufin azara ko na ciyawa. Irin wannan ɗaki yana jinkirta shigar zafi. Yau abin alfahari shi ne bulo na siminti da rufin kwano. Kwano yana ɗaukar zafin rana ya zubo shi cikin ɗaki, musamman idan babu silin. Siminti da kwalta suna shan zafi da rana, su riƙa sakinsa da dare. Ga gidajen haya masu ɗaki ɗaya da ƙaramar taga, ga murhu a bakin ƙofa, ga itatuwan tsakar gida da aka sare don a ƙara ɗaki.

Zafin dare yana da muhimmanci ƙwarai, domin da dare ne jiki ke hutawa daga wahalar yini. Idan aka jera kwana uku ko huɗu dare bai yi sanyi ba, gajiya tana taruwa, kuma a irin waɗannan kwanaki ne tsofaffi da jarirai suka fi faɗuwa.

Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce ga yawancinmu. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da ita a Nijar. Masu ita ma sun ga iyakarta a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Jihohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda layin Katsina zuwa Gazawa ke kawo wa wuta, sun ɗanɗana. Saboda haka shawarwarin da ke cikin wannan bayani an tsara su ne don gidan da ba shi da fanka ko firji.

Dalilin Da Ya Sa Yaro Ya Fi Babba Shiga Hatsari

Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, kuma bai ƙware wajen fitar da shi ba. Ruwan da ke jikinsa kaɗan ne, don haka ɗan abin da ya rasa yana yi masa illa. Jariri ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa, ba ya iya tashi daga rana ya koma inuwa, ba ya iya cire rigarsa. Ɗan shekara uku ko huɗu kuma wasa yakan ɗauke masa hankali, ya manta da shan ruwa. Haka nan yaro gajere ne, yana kusa da ƙasa, inda yashi ke fitar da zafi.

Bazara a wurinmu tana zuwa ne daidai lokacin da rumbu ya fara ja baya, hatsi ya yi tsada, abinci kuma yana saurin lalacewa. Yaron da ke da tamowa, ko gudawa, ko zazzaɓi, zafi yana samunsa ne a raunane. Mata masu ciki ma suna cikin waɗanda ya kamata a kula da su, domin bincike ya nuna tsananin zafi yana ƙara yawan haihuwar bakwaini.

Jariri Da Maganar Ruwa

A nan ne al'ada da shawarar likita suka fi saɓawa. Kaka ta ga jikanta yana kuka cikin zafi, tausayi ya kama ta, ta ce a ba shi ruwa. Niyyarta mai kyau ce. Amma jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa ya ishe shi ko a tsakiyar bazara, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na nono ruwa ne. Ruwan da aka ɗura masa yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, nonon uwa ya ragu. Yana kuma iya shigar masa da ƙwayoyin cutar gudawa, gudawa kuwa ita ce babbar hanyar ƙarewar ruwan jiki. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya samu cewa kashi 23 cikin ɗari ne kawai na jariran Nijar ake shayarwa da nono zalla, saboda haka wannan magana tana bukatar a yi ta maimaita ta.

Abin yi shi ne a ƙara yawan shayarwa, dare da rana, duk lokacin da jariri ya nema. Ruwan da aka yi niyyar ba jariri, uwa za a ba. Maigida ya tabbatar mai shayarwa tana samun ruwa da kunu da fura isassu, a kuma rage mata aikin rana. Idan azumi ya zo cikin zafi, mai ciki da mai shayarwa su tambayi malamai game da sauƙin da addini ya yi musu.

Akwai kuma maganar jego. Inda aka saba hura wuta a ɗakin mai jego ko rufe ƙofa da taga, a lura cewa cikin bazara wannan zafi ya fi ƙarfin jariri. A fitar da wuta waje, a bar iska ta ratsa ɗaki, kada a naɗe jariri da tawul da hula da safa kamar lokacin sanyi.

Yadda Za A Tsara Yini

Da asuba da hantsi: A yi aikin da ke bukatar ƙarfi, kamar ɗiban ruwa da daka da zuwa kasuwa ko awon yara. Idan tafiya ta kama, misali daga Dakoro zuwa Maraɗi, a yi sammako, a riƙe ruwa, a zaunar da mai jariri inda iska ke shiga. Kada a taɓa barin yaro cikin mota a tsaye, ko na ɗan lokaci kaɗan.

Daga ƙarfe 11 zuwa la'asar: Yara su kasance a inuwa. Sau da yawa gindin bedi ko rumfar zana mai iska sun fi ɗakin kwano sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mutum ya samu awa biyu zuwa uku kowace rana a wuri mai sanyi, don jiki ya huta. Kada a aiki yara talla ko kiwo ko ɗiban ruwa a wannan lokaci. A sa musu takalmi, domin yashi yana ƙona tafin ƙafa.

Goyo: Jaririn da ke bayan uwa yana shan zafin rana da zafin jikinta gaba ɗaya. Idan aka lulluɓe shi da mayafi mai kauri don kare shi daga rana, iska ba ta shiga, zafi ya taru a ciki. A yi amfani da lema ko faifai ko yadi marar nauyi, a bar fuskarsa a buɗe, a riƙa sauke shi a inuwa ana duba shi.

Sha: Yaron da ya wuce wata shida a riƙa miƙa masa ruwa a kai a kai, kada a jira sai ya roƙa. Ruwan ya zama mai tsabta, wanda aka tafasa ko aka sa wa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs. A rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya. A yi hattara da ƙanƙara da lemon leda da ba a san ruwan da aka yi su da shi ba. Fitsari shi ne ma'aunin uwa: idan yana fita da yawa kuma fari ne, ruwa ya isa, idan ya yi kaɗan ya yi ja, a ƙara.

Abinci: Zafi yana rage wa yaro cin abinci, don haka a ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa. Kunu ko tuwon da ya yini a buɗe kada a ba yaro sai an sake tafasa shi sosai.

Tufafi da wanka: Riga ɗaya marar nauyi ta auduga ta isa. A yi wa yaro wanka sau biyu ko uku idan ruwa ya samu. Idan ruwa ya yi wuya, a jiƙa tsumma mai tsabta a shafa masa a wuya da hammata da matsematsi, sannan a yi masa fifita. Ranar da laima ta yi yawa, fifitar ce ke taimaka wa ruwan ya bushe. Wannan kuma yana rage ƙurajen zufa.

Ɗaki: A rufe taga ta ɓangaren rana da zana ko tabarma daga waje, a buɗe duka da dare. A shimfiɗa kara ko zana a kan kwano, ko a shafa masa farin fenti. A nisanta murhu daga inda yara ke kwana. Mai fanka ya sani cewa idan zafin ɗaki ya wuce digiri 40, fanka iska mai zafi take hura wa jiki, sai an jiƙa fata kafin ta yi amfani.

Dare: Kwana a tsakar gida ya fi. Amma da zarar laima ta shigo, sauro yana biye da ita. A ɗaura gidan sauro a waje, kada a ce zafi ya hana.

Alamomin Da Ba A Yi Musu Jinkiri

Mataki na farko shi ne ƙarancin ruwa a jiki. Yaro yana yawan ƙishirwa da rigima, leɓɓansa sun bushe, yana kuka babu hawaye, fitsari ya ragu, idanu sun faɗa. Idan aka ja fatar cikinsa aka saki, ba ta komawa da sauri. Ga jariri, maɗiga takan faɗa. Mutane da yawa suna ɗaukar faɗawar maɗiga wata cuta ce dabam, har a shafa mata magani a ka. A gaskiya alama ce ta ƙarewar ruwa, kuma maganinta ta baki yake shiga.

A kai yaron inuwa, a rage masa tufafi, a ci gaba da ba shi nono. Idan akwai gudawa, a dama ƙunshi ɗaya na gishirin da ake bayarwa a gidan likita, wanda ma'aikatan lafiya ke kira SRO, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A lura da awo, domin manyan gorunan ruwa da yawa lita ɗaya da rabi ne. Inda babu ƙunshin, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin cokalin gishiri cikin lita ɗaya. A ba yaro da cokali, kaɗan kaɗan. Idan ya yi amai, a dakata minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya yini a zubar, a dama sabo. A kuma nemi ƙwayar zinc, wadda ake sha kwana 10 zuwa 14. Yaron da ke da tamowa mai tsanani kuwa, kada a tsaya yi masa magani a gida, a kai shi likita, domin nasa haɗin dabam ne.

Mataki na biyu shi ne bugun zafi, wato lokacin da jiki ya kasa sanyaya kansa, zafinsa ya haura digiri 40. Jikin yaro ya yi zafi ƙwarai, ya yi laushi, ba ya gane mutane, ya ƙi tsotso, yana numfashi da sauri, ko ya suma, ko ya yi jijjiga. Wannan magana ce ta rai da mutuwa. A cire masa tufafi, a zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, a yi ta fifita, a nufi likita ana ci gaba da hakan a hanya. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, domin zai shaƙe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, don haka kada a ba shi a zauna jira.

Akwai wani dalilin gaggawa. Lokacin zafi shi ne lokacin sanƙarau, kuma alamominsu suna kama da juna. A shekarar 2015 Nijar ta samu mutum fiye da 8,500 da ake zaton sun kamu da sanƙarau, fiye da 500 suka rasu. Zazzaɓin cizon sauro ma yana kawo zafin jiki da jijjiga. Uwa ba za ta iya rarrabe su da ido ba. Tun shekarar 2006 gwamnati ta kafa tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocinta. Kada tsoron kuɗi ya sa a kwana da yaro a gida. Maigidan da zai yi tafiyar ci-rani ya bar izini a fili cewa idan yaro ya kamu da ciwo a kai shi likita ba sai an jira shi ba.

Abin Da Ya Fi Ƙarfin Gida Ɗaya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwa tana iya yin duk abin da muka lissafa, amma idan famfon unguwa ya ƙafe, ko babu itace ko ɗaya a layinsu, ƙoƙarinta yana da iyaka. Wasu garuruwan duniya sun nuna abin da hukuma za ta iya yi. Birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya ya rasa mutum fiye da dubu a zafin watan Mayun 2010. A 2013 ya fito da tsari: sanarwa kafin zafi ya iso, horar da ma'aikatan asibiti, ajiye ruwan sha a wuraren taruwa, daga baya kuma shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. A Afirka, birnin Firitawun na Saliyo ya naɗa Eugenia Kargbo a 2021 a matsayin jami'ar kula da matsalar zafi, aka kuma yi wa mata ƴan kasuwa rumfunan inuwa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin garuruwanmu. Nijar tana da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, kuma cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD suna Yamai. Ana iya sanin zuwan zafi mai tsanani kwanaki kafin ya iso. Abin da ake bukata shi ne labarin ya isa ga mutane da Hausa da Fulatanci da Tamashek, ta gidajen rediyon karkara da masallatai da masu unguwanni, kamar yadda ake sanar da rigakafi. Ma'aikatun magajin gari su gyara famfuna tun watan Fabrairu. A kafa rumfa da randa a bakin asibitoci, inda mata ke jira da goyo. Makarantun boko da na allo su sassauta lokutan karatu a kwanakin da aka yi gargaɗi. Asibitoci kuma su riƙa rubuta waɗanda zafi ya kwantar, domin abin da ba a ƙirga ba, ba a yi masa tanadi.

Game da inuwa, jiharmu tana da abin koyi a gida. Daga shekarar 1983 manoman Maraɗi suka fara sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara shi maimakon a tumɓuke. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta maido da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 na ƙasar Nijar. Gawo, wanda ke fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, yana cikin waɗanda suka dawo. Abin da aka yi a gona ana iya yinsa a gari: kowane gida itace ɗaya, kowace makaranta da kasuwa da tasha layin itatuwa, a kuma kare su daga awaki har su girma.

Kammalawa

Masana sun yi gargaɗi cewa muddin duniya tana ƙara ɗumama, irin zafin 2024 zai riƙa dawowa a kai a kai. Ƙasashen Sahel ba su ne suka fi fitar da hayaƙin da ke jawo wannan ba, kuma daidai ne shugabanninmu su nemi haƙƙinmu a tarukan duniya. Amma yaron da ke kwance a ɗakin kwano ba zai jira ƙarshen taro ba. Rigakafi ya fi magani. Kafin watan Maris, kowane gida ya gyara rumfa, ya tanadi randa mai murfi, ya ajiye ƙunshin SRO biyu ko uku, ya kuma san hanyar da zai bi zuwa likita ko da tsakar dare ne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan bayani. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.

Tambayoyi Don Tattaunawa A Aji

1. Wane bambanci ke tsakanin zafin watan Afrilu da na ƙarshen watan Mayu a garinku?
2. Yaya za ki bayyana wa uwar mijinki, cikin ladabi, dalilin da ya sa ba a ba jariri ɗan wata uku ruwa?
3. Me faɗawar maɗiga take nunawa, kuma me ya kamata a yi?
4. Rubuta alamomi huɗu da ke nuna a kai yaro likita nan take.
5. Wane wuri ne a unguwarku ya fi bukatar inuwa, kuma wa za ku tunkara da maganar?